Wuyan Halliru Mai Agashe

A unguwar Alsawra ta Omdurman, in ka ce "Abu Ragaba" ba a tambayarka wanne. Ragaba wuya ne da Larabcin gari, kowa kuma yana da nasa, amma na Halliru mai agashe ne kaɗai ya isa a yi wa mutum suna da shi. Tun da ya fara zama da gindinsa kansa ya kwanta wajen kafaɗar hagu, kamar mai sauraron wata magana da ake yi masa daga ƙasa, bai kuma ɗago ba.

Kakanninsa sun baro ƙasar Haɗeja da niyyar aikin hajji, suka yada zango a bakin Nilu don su ɗan huta, hutun bai ƙare ba har yau. Uwarsa Kande a Omdurman aka haife ta, amma Hausarta ba ta da gyara, musamman in ranta ya ɓaci. Ita ce matan unguwa suka ɗora wa laifin wuyan, wai garin goyo ta bar kan yaro ya langaɓe. Ta ɗauke shi ta kai wa basir, wato mai ɗori da lalas. Basir ya tattaɓa wuyan, ya ce jijiya ce ta hau kan jijiya, ya sa ƙusa a garwashi, ya ɗiɗɗiga masa a gefen dama. Ƙunar ta warke sarai, kan yana inda yake. Aka koma wajen wani basir ɗin, wanda ya ce na farko ya yi kuskuren gefe, ya gyara kuskuren a gefen hagu. Daga nan aka bi da man riɗi, da rubutun sha, da matashin yashi. Kafin Halliru ya isa shiga makaranta wuyansa ya fi fuskar wasu dattawa zane.

Abin bai zo masa da asara kaɗai ba. Malamansa sun ɗauke shi yaro mafi ladabi a aji, duk da cewa shi ne ke sa wa na gabansa ƙwaro a aljihu. A kasuwa ana yarda da maganarsa kafin ya gama ta. Da ya je neman auren Awadiyya, ubanta ya ce yaron da ko tsayar da kai ba ya yi a gaban manya ba a sa shi jira. Halliru bai taɓa musanta ko ɗaya ba, don mutum ba ya jayayya da alherin da aka zata masa. Mai hoto ne kaɗai ya taɓa kai ƙarar wuyan. Ranar ɗaukar hoton katin shaida ya miƙe kan da hannu, ya koma bayan na'urarsa, ya tarar kan ya riga shi komawa. Da ya gaji sai ya karkata na'urar. A katin, Halliru yana tsaye ɗoɗar, labulen bayansa ne ke faɗuwa.

Sana'ar agashe ya gada daga kawunsa. Mutanen Omdurman sun karɓi naman nan har da sunansa, ba tare da sun san umarni suke bayarwa ba duk sanda suka ce "agashe". Bayan la'asar Halliru yakan kafa teburinsa a kusurwar da motocin haya ke sauke mutane, ya tara yashi, ya hura wuta a tsakiya, ya kewaye ta da tsinkaye. Yaji da garin ƙuli kowa na iya haɗawa. Inda ake bambanta masu agashe shi ne yanka: a shimfiɗa tsoka a feɗe ta fale-fale, ta yadda wuta za ta ratsa ta kafin ta bushe. A nan wuƙar Halliru ta yi suna, kuma da ita ya ciyar da gida, ya sa 'yarsa Malak a makaranta.

Akwai abu ɗaya da ya sani tun yana yaro bai taɓa faɗa wa kowa ba, don bai ɗauke shi labari ba. In ya miƙe kansa, komai yakan zama biyu, ɗaya a bisa ɗaya. Ya ɗauka haka Allah ya yi duniya, masu miƙaƙƙen wuya haƙuri kawai suke yi.

Wannan ya yi masa rana a farkon shekarun mulkin soja, lokacin da ake tare motoci a bakin gada ana sauke matasa don a kai su sansanin horo. Wata safiya aka sauke shi cikin waɗanda aka sauke, aka jera su a rana. Sajan ya bi layi har ya iso kansa.

"Miƙe kanka, ya zol! A gidan surukai kake?"

Halliru ya miƙe kai. Sajan ya zama biyu, ɗaya a tsaye a kan hular ɗayan. Ya zaɓi wanda ya fi girman matsayi, ya ƙame masa.

"Wa kake kallo?"

"Na saman, ranka ya daɗe."

Sajan ya ɗaga kai, bai ga komai ba sai shirwa. Ya dubi zanen wuyan, ya dubi idon da ya haura sama, ya tuna yana da 'ya'ya. Omdurman gari ne na shehunnai da majazubai, ba a sanin wanda za a taka. Ya sassauta murya ya ce, "Koma mota, ya shehu. Ka sa mu a addu'a." Halliru ya sa shi, ba ta irin wadda ya roƙa ba.

Bayan 'yan shekaru wani mutum mai furfura a gefen kunne ya tsaya sayen agashe, ya daɗe a tsaye fiye da yadda nama ke bukata. Sunansa Dakta Abdulrauf, babban likitan ido a wani asibiti da ke hayin Khartum, kuma shi ke koyar da ƙananan likitoci sha'anin hawal, wato abin da Bahaushe ke kira harara-garke, da duk wata matsala ta juyawar ido. Ya nemi izini, ya kama kan Halliru da hannu biyu kamar mai zaɓen kankana, ya kwantar da shi a kafaɗar dama, inda bai taɓa kwanciya ba. Idon dama ya yi sama har farinsa ya bayyana.

"Ma sha Allah," in ji likitan, da muryar wanda ya ga ƙosasshen rago ana gobe layya.

Ya yi bayani a tsaye, hayaƙi na shiga masa hanci. Kowane ido, in ji shi, yana da tsokoki shida da ke jan sa kamar linzami. Ɗaya daga cikin na idon dama aka haife shi da ita raunanna, saboda haka idon yana son hawa sama. Tun yana jariri kansa ya gano cewa in ya kwanta hagu hotuna biyun sukan haɗu su zama ɗaya, sai ya kwanta. Wuyan ba shi da laifin komai, taimako ma yake yi.

Da Halliru ya kai labarin gida, Kande, wadda a lokacin ta tsufa sosai, ta saurara har ƙarshe.

"Ya ce wuyan lafiyarsa lau?"

"Haka ya ce, Inna."

"To ai dole. An yi masa magani."

Kafin likitan ya tafi ranar ya tambaye shi ko abin yana damun sa. Halliru ya ce a'a, kuma gaskiya ya faɗa. Dakta Abdulrauf ya ce, "To mu a ƙa'idarmu, abin da bai dami mai shi ba ba ma kai masa wuƙa. Ranar da ya dame ka, ka faɗa. Amma in za ka riƙa leƙo mu, yarana su koyi aiki a kanka, da ka yi wa ƙasa hidima. Irin idonka sai an tona."

Haka Halliru ya zama darasi. Ran da aka kira shi yakan sa farar jallabiya, ya naɗa rawani, ya hau mota ya haye gada. A zaunar da shi a kujera, likitoci matasa su kewaye shi. Ɗaya ya rufe masa ido da ɗan baƙin faifai, ya buɗe, ya rufe ɗayan, yana kallon wanda ya motsa. Wani ya ɗaga tocila ya ce a bi ta da ido ban da kai, dama, hagu, sama, ƙasa, da lungunan da ke tsakani. Wani ya ɗora masa gilashi mai kusurwa, yana sauyawa daga siriri zuwa mai kauri har idon ya daina tsalle, ya faɗi lamba. A ƙarshe a kwantar da kan a dama, ido ya haura, a yi ajiyar zuciya. Dakta Abdulrauf yana gefe yana cewa, "Kar ku yi saurin kallon ido. Ku fara kallon yadda mutum ya shigo da kansa." Bayan an gama a kawo wa Halliru shayi da wake da burodi. A unguwa aka ce yana aiki a asibiti, mata suka fara kawo masa yara masu jan ido. Yakan dube su da kyau, ya ce a kai su asibiti, abin da ya ƙara masa suna wajen sanin aiki.

Babbar ranarsa ita ce ta jarrabawa. Ranar akan zo da wani malami daga waje, a zaunar da marasa lafiya ɗaki-ɗaki, masu ɗaukar jarrabawar su shiga ɗaya bayan ɗaya. Dokar ɗakin Halliru ita ce: a duba juyawar idon mutumin nan, a faɗi abin da aka gani, ba a yi masa tambaya. Gaisuwa kaɗai aka yarda da ita, don a nuna tarbiyya. Lokaci kaɗan ne, ana kaɗa ƙararrawa an gama. Kowa ya shigo yakan ce, "Ya hajj, yaya jiki?" Halliru ya ce, "Lafiya lau, alhamdulillahi." Tocila ta kunnu.

Mutane da yawa sun ci jarrabawa a kan idon nan. Kusan duk wanda ya ci kuwa, ba ya rufa shekara yake barin ƙasar. Wasu Saudiyya, wasu ƙasashen Tekun Fasha, wasu Turai. Wasu kuma ba su yi niyyar tafiya ba, aka sallame su daga aiki don abin da hukuma ta kira amfanin jama'a, jama'ar kuma ba a tambaye ta ba. Dakta Abdulrauf ya ci gaba da ɗiban ruwa da rariya, bana ya horar, baɗi ya raka filin jirgi. Har ta kai idon daman Halliru ya fi shi yawon duniya: akwai likitoci a Jidda da ba su tuna sunansa, amma in ka tashe su daga barci za su gaya maka wace tsokarsa ce raunanna.

Da ya haura arba'in da 'yan kai, idon ya fara gajiya da aikin da ya yi shekaru yana yi ba a gode masa ba. Kwantar da kai ya daina isa. In ya dubi nesa, da sauƙi. In ya sunkuyar da ido ƙasa, hotunan sai su rabu, kuma ƙasa nan ne inda nama da wuƙa da yatsu suke. Wuƙa ta zama biyu, tsoka biyu, babban yatsa biyu. A duniya kuwa ɗaya ne daga kowanne, kuma ba kullum yake dacewa da na gaskiyar ba. Yanka ya fara kauri. Tsofaffin abokan ciniki suka fara tauna a hankali, suna tambayar ko an sauya mahauci. Yatsun hagunsa suka cika da tsumma.

Ya gano cewa in ya kashe ido ɗaya, biyun sukan koma ɗaya. Ya yi haka na wani lokaci, har ranar da wata mata ta zo sayen nama, ya ɗago daga yanka yana murmushin ciniki da ido ɗaya a kanne. Zamani ne da ake auna tsawon mayafi da faɗin kallo. Washegari wani ɗan kwamitin unguwa ya zo, ya ci tsinke biyu tukuna, sannan ya ce an kawo ƙorafi, kuma shi kansa bai yarda ba, mutum mai tawali'u irin Abu Ragaba. Amma in aka sake, kusurwar nan akwai masu nema.

Awadiyya ce ke naɗe masa yatsu da safe. Mace ce da ba ta kewaye-kewaye, ta gaji haka daga uwarta.

"Abu Malak, kai da kake wuni a tsakiyar likitocin ido kamar ango, me suka ce?"

"Sun gaishe ni."

"Kai kuma ka ce me?"

"Na amsa."

"Ka ce musu kana ganin wuƙa biyu?"

"Haba, Awadiyya. Ana faɗar ciwo a tsakiyar gaisuwa?"

Nan ne gizo ke saƙar. A gidan da Halliru ya tashi, ciwo yana da ƙofar shigowa. In an ce yaya jiki, ka ce lafiya lau, ko da a kan makara kake. Ka gode wa Allah. A ɗan yi shiru, mai tambaya ya nuna ba sauri yake ba. Sannan ka sauke murya ka ce, "Sai dai..." Abin da ya biyo bayan "sai dai" shi ne ciwon. Wanda ya fara da kuka kafin godiya, ko butulu ne ko ba shi da iyaye. Halliru yakan shirya "sai dai" ɗinsa tun a mota, ya gyara ta a kan gada, ya riƙe ta a baki har kujera. Kafin ya ja numfashin faɗarta, tocila ta shiga ido, an ce kalli nan. Dakta Abdulrauf kuwa a tafe yake gaisuwa, amsar takan same shi ya kai ƙofa ta gaba. Ban da haka, Halliru yana ganin mutanen da ke da wannan tarin gilasai ba sa bukatar mai agashe ya koya musu gani. In sun yi shiru, lokaci ne bai yi ba.

Su ma likitocin sun lura da sauyi. Gilashin da ake ɗora masa ya ƙara kauri, idon yana haurawa tun ba a gama kwantar da kan ba, har mafi daƙiƙancin ɗalibi yana gani daga bayan ɗaki. Kowa ya yarda cewa darasin ya ƙara kyau.

Ana sauran mako guda jarrabawar shekarar, wuƙa ta shiga babban yatsa har ƙashi. Awadiyya ta wanke, ta ɗaure. Sannan ta ɗauki wuƙar ta naɗe a zani ta jefa cikin akwatinta.

"Ba za ka sake taɓa ta ba sai ka faɗa musu. In kuma ba za ka faɗa ba, ɗan yayata yana neman sana'a, a ba shi teburin. Kai ka zauna a gida ka yi ta tawali'u."

Teburin ya kwana bakwai a jingine. Halliru ya je jarrabawar da "sai dai" mafi nauyi da ya taɓa ɗauka, ya kuma kalli mutum huɗu suna shigowa, suna gaishe shi, suna cin jarrabawa, suna fita.

Ta biyar mace ce, Daktora Ni'mat, daga unguwar Hajj Yusuf. Kowa ya san tana cikin waɗanda za su wuce ba wahala, har an ce wani asibiti a ƙetare yana jiran takardarta. Abin da ba kowa ya sani ba, don ba abin da ake ɗagawa ba ne a makarantar likitoci, shi ne kakarta ta wajen uwa Bahaushiya ce, mai sayar da ƙosai. Ni'mat tana jin Hausa irin ta madafa da ta faɗa, tana mayarwa da ƙyar. Ita ta yi jinyar tsohuwar, wadda ta ce lafiya lau har safiyar da ta rasu.

Ta gaishe shi da Larabci, ya amsa. Ta ɗaga tocila. Sai ta ga hannun da ke kan gwiwarsa, da tsummokaran, ta kuma ga bakinsa bai gama rufewa ba. Ta san wannan bakin. Ta sauke tocilar, ta tsaya.

Shiru a ɗakin jarrabawa abu ne mai tsada. Malamin da aka gayyato ya dubi agogo. Dakta Abdulrauf ya yi gyaran murya.

"Baba," in ji ta da Hausa, a hankali, "sai dai me?"

Halliru ya dube ta, ita da ta samanta. Shekara da shekaru yana jiran wannan tambaya, amma akwai abin da ya riga ta a tsari.

"Ikon Allah! 'Yar gidan wa ce ke?"

"Jikar Mariyamu mai ƙosai ce, ta Hajj Yusuf."

"Mariyamu ta bakin masallaci? Wadda mijinta ke ɗinkin hula? Allahu akbar. Tana nan?"

"Ta rasu, Baba."

"Allah ya ji ƙanta, ya sa ta huta. Mace mai hannu. Ya haƙuri?"

"Da godiya. Baba, hannun..."

"Daktora," in ji malamin waje, "an ce ki duba, ba a ce ki yi zumunci ba."

Ta ce masa to, ba ta kuma ɗaga tocilar ba. Halliru kuwa, da yake ba a fara labari daga tsakiya, ya fara daga basir na farko. Ya zo kan na biyu, ya taɓa sajan, yana gab da isowa wuƙa aka kaɗa ƙararrawa. A bakin ƙofa ta juyo, ya ɗaga mata yatsan ya ce da sauri, abin da bai saba ba, "Biyu nake ganin wuƙar, 'yata. In na dubi ƙasa." Ta gyaɗa kai ta fita. Ba ta rufe masa ido ko ɗaya ba, ba ta kwantar masa da kai ba, ba ta faɗi sunan tsoka ba. Malamai biyun ba su sha wahalar yanke hukunci ba.

Da aka watse Dakta Abdulrauf ya dawo ɗakin, ya jawo kujera ya zauna, karo na farko tun ranar da ya sayi nama. Ni'mat ta riga ta tare shi a baranda ta faɗa masa.

"Tun yaushe, ya Halliru?"

"An ɗan jima, Dakta. Damina uku ko huɗu."

"Ban ce ranar da ya dame ka ka faɗa ba?"

"Ka ce."

"To? Kullum ina tambayarka yaya jiki."

"Wannan ai gaisuwa ce, Dakta."

Likitan ya cire tabarau ya goge. Ya yi tunanin yatsun, ya kuma yi tunanin jarrabawar baɗi, don shi ma ɗan Adam ne. Sannan ya ce za a yi aiki.

Da sakamako ya fito, waɗanda suka ci suka shiga layin neman izinin fita, ba wanda ke da lokacin ɗakin tiyata. Wadda ta faɗi ce kaɗai ba ta da inda za ta, sai ta jira zagayowar shekara. Saboda haka ita ta riƙe almakashi, Dakta Abdulrauf yana tsaye a kanta yana cewa a hankali. Aikin ba mai tsawo ba ne. Tsokar da ta raunana ba a iya ƙara mata ƙarfi yadda ake so, sai aka je ga abokiyar jayayyarta da ke ƙarƙashin idon, wadda ta yi shekaru tana cin karenta ba babbaka, aka sassauta ta, aka mayar da ita baya kaɗan. Dakta Abdulrauf ya ce yawancin aikin hawal haka yake, ba ka ƙarfafa mai rauni, rage wa mai ƙarfi kake yi. Ya faɗi haka cikin Larabci, a ɗakin da ke da ma'aikata da yawa, sai ya ƙara da cewa tsokar ido yake nufi.

Washegari aka cire bandeji. Idon ya yi ja kamar gauta. Awadiyya ta tsaya a gabansa da kwanon kunu.

"Nawa kake gani?"

"Ɗaya."

"Dubi ƙasa. Kwano nawa?"

"Ɗaya."

"To sha, kafin ya huce."

Bayan mako biyu ta buɗe akwati ta miƙa masa wuƙar. Ya wasa ta, ya kafa tebur, ya shimfiɗa tsoka. Yankan farko ya ɗan yi kauri, don hannu ya saba da shakka. Na uku ya fito yadda ake ganin hasken wuta ta cikinsa. Ɗan kwamitin unguwa ya zo ya ci tsinke biyu, ya tabbatar da cewa idanu biyun a buɗe suke, ya tafi. Ɗan yayar Awadiyya ya koma neman aiki a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu.

Kan dai bai miƙe ba. Ni'mat ta ce wuyan da ya yi shekara arba'in da wani abu a kwance ba ya tashi don an ce masa an gama, ya riƙa motsa shi a hankali. Halliru ya motsa na kwana biyu ya bari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma bai tabbata Alsawra za ta sayi nama a hannun miƙaƙƙen Halliru ba. Unguwa ta yanke nata hukuncin: likitocin zamani sun yanka ido don ciwon wuya, ga wuyan nan yadda yake. Masu wannan magana sukan yi ta ne a gaban teburinsa, da tsinke a hannu.

Dakta Abdulrauf bai yi asarar darasinsa ba, sauya masa amfani ya yi. Labarin Abu Ragaba ya riga ya bi ɗalibai baki-baki, kowa ya haddace amsar tun kafin ya shiga ɗakin. Yanzu sai su ga kai a kwance, su rera abin da suka haddace, a ce to nuna mana, su kwantar da kan a dama, ido ya zauna daram yana kallonsu. An faɗi da yawa a haka. Ni'mat ta ci a shekara ta biyu, ta zo har kusurwa ta yi masa sallama, ya cika mata takarda da agashe ya ƙi karɓar komai. Wata uku bayan nan ta tafi.

Abu ɗaya ya sauya a dokar ɗakin. An ƙara ɗan lokaci kafin ƙararrawa, aka kuma umarci kowane ɗalibi, bayan gaisuwa, ya yi shiru ya jira. Suna jira kuwa, da tocila a hannu, kamar masu jiran liman. Halliru ba ya son a tsaya dominsa a tashi hannu wofi. Wata shekara wani saurayi mai suna Muntasir ya jira har gumi ya keto masa, sai Halliru ya tausaya, ya sauke murya.

"Sai dai wuyan nan. Kwana biyu yana ɗan riƙe ni."

Muntasir ya ji daɗi ƙwarai. Ya duba, ya tabbatar ba na ido ba ne, ya tura shi sashen ƙashi da ke ƙetaren tsakar asibitin. Halliru ya je, ya sami benci ya zauna. Can sai ga babban likitan ƙashi ya fito da ɗalibai a bayansa, yana tafe ya ce, "Ya hajj, yaya jiki?"

"Lafiya lau," in ji Halliru, "alhamdulillahi."